Ranar da Bas Bai Zo Ba, Wa Ya Yi Fashi?

Daga watan Disamba zuwa Maris akwai wata rigima da ba ta tsufa a arewacin Amurka da Kanada. Da asuba, wajen ƙarfe biyar, saƙo yakan shigo wayoyin iyaye daga hukumar makarantun yankinsu ɗauke da ɗaya daga cikin hukunci uku: an rufe makaranta yau saboda dusar ƙanƙara, ko an jinkirta buɗewa da awa biyu, ko kuwa karatu yana nan yadda aka saba. Kowanne aka zaɓa, kafin hantsi ƙorafi ya cika ofishin. Wasu na cewa 'ya'yansu sun ƙage a bakin titi suna jiran bas ɗin da bai zo ba. Wasu na cewa an sanar da su a makare, bayan sun riga sun kama hanyar wurin aiki. Wasu kuma sun riƙe yaransu a gida don tsoron santsi, bayan kwana biyu sai ga takarda daga makaranta tana cewa yaro ya yi fashi ba tare da uzuri ba. Mai kallo daga nesa zai iya ɗauka cewa waɗannan mutane ne da ba a iya gamsarwa, amma ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi ƙorafin zuwa tushensa za a tarar da tsarin da ya raba abu ɗaya gida uku: wani ne yake duba hanya, wani ne yake buɗe makaranta, wata doka ce daban take riƙe da rajista, kuma duk inda ukun suka saɓa, iyaye da yara ne suke biya. Matsayina a nan a fili yake: hukumar da ta kasa kai yaro makaranta, ko ta miƙa wa iyayensa alhakin auna hatsarin hanya, ba ta da hurumin rubuta masa fashi a wannan rana.

Kafin a gane zafin maganar sai an san matsayin bas a karatun Amurka. Ƙasar tana da bas-bas na makaranta kusan 480,000, masu ɗaukar yara kimanin miliyan 25 a kowace ranar karatu. Launin ruwan ɗorawa da aka san su da shi ya samo asali ne daga taron da Frank Cyr ya shirya a Jami'ar Columbia a 1939 don daidaita ƙirar motocin. Tun daga wancan zamani aka riƙa haɗe ƙananan makarantun ƙauye ana gina manya a nesa da gidaje, bisa alkawarin cewa mota za ta zo ta ɗauki yaro. Saboda haka ga miliyoyin iyalai, bas shi ne ƙofar makaranta. Sanyi kuwa yana kai wa wannan ƙofa hari ta kowace fuska. Man dizal yana da kakin da yake daskarewa a tsananin sanyi ya toshe matatar mai, batir yana yin rauni, kuma ƙanƙara mai siririn fata da ido ba ya gani takan lulluɓe kwalta, musamman a kan gadoji da gangare. Motocin share hanya da zuba gishiri suna farawa ne da manyan tituna, alhali bas yana bi ta lunguna da hanyoyin karkara da ake zuwa musu a ƙarshe. Yaron da yake tsaye a tasha shi ma yana cikin hatsari, domin jadawalin hukumar hasashen yanayi ta Amurka ya nuna cewa idan iska ta sa sanyin da jiki yake ji ya kai wajen digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, fatar da ba a rufe ba tana iya lalacewa cikin rabin awa. Ga kuma ƙarancin direbobi, wanda ya tsananta bayan annobar korona. A Louisville ta jihar Kentucky, ranar farko ta zangon karatu a watan Agustan 2023, sai kusan ƙarfe goma na dare aka sauke yaro na ƙarshe, har aka dakatar da karatu na kwanaki. Tsarin da ya gaza haka a lokacin zafi ba shi da rarar da zai jure wa daren ƙanƙara.

Adalci ne a faɗi cewa wanda yake yanke hukuncin buɗewa ko rufewa yana cikin tsaka mai wuya. Shugaban hukumar makarantu da jami'an sufurinsa sukan fita duba hanyoyi tun ƙarfe uku ko huɗu na dare, su tuntuɓi 'yan sanda da masu hasashen yanayi, su yanke shawara kafin direban farko ya tayar da mota, kan abin da sama za ta yi bayan awa takwas. Tarihi ya nuna cewa kuskure a nan yana cin rai. A ranar 12 ga Janairun 1888 guguwar ƙanƙara ta afka wa filayen tsakiyar Amurka da rana tsaka, ta kashe mutum kusan 235, da yawansu yara ne da ke hanyar komawa gida daga makaranta. A watan Maris na 1931, kusa da Towner a jihar Colorado, an sallami yara da wuri don gudun guguwa, bas ɗinsu ya maƙale fiye da yini guda, yara biyar da direban suka rasu. A zamaninmu ma, ranar 28 ga Janairun 2014, dusar da ba ta wuce santimita bakwai ba ta tsayar da birnin Atlanta cak, domin an sallami makarantu da ofisoshi a lokaci guda. Dubban yara suka kwana a makarantunsu, wasu a cikin bas a kan titi, har Gwamna Nathan Deal ya fito ya nemi gafara. A ranar 15 ga Nuwamban 2018 irin haka ta faru a New York, inda wasu yara, ciki har da masu buƙata ta musamman, ba su isa gida ba sai bayan tsakar dare, abin da ya sa majalisar birnin ta zartar da dokar sanya na'urar bin sawu a motocin makaranta a farkon 2019. Darasin da ke cikin waɗannan duka ɗaya ne: hatsari mafi girma yana zuwa ne ranar da aka buɗe makaranta da safe bisa fata, sannan aka rasa yadda za a mayar da yara gida.

To me ya sa hukumomi suke karkata ga buɗewa ko da hanya tana da shakku? Amsar tana cikin lissafi. Yawancin jihohin Amurka suna wajabta kwanakin karatu kusan 180 a shekara, ko adadin awoyi da ya yi daidai da haka, kuma ranar da aka rufe fiye da abin da doka ta yafe sai an rama ta, ko a cikin hutu ko a ƙarshen shekara. Jihar Michigan tana yafe kwana shida, da damar neman ƙarin uku. Ohio ta daɗe tana yafe biyar kafin ta koma lissafin awoyi a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015. Sannan akwai kuɗi. A wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya da Texas, kason da gwamnati take bai wa makaranta ya dogara ne da yawan yaran da suke halarta a kullum, ba yawan waɗanda aka yi wa rajista ba. A Kalifoniya tun ƙarshen shekarun 1990 ko fashi mai uzuri ba ya kawo wa makaranta kuɗi. Na uku shi ne ma'aunin da ake yi wa makarantun kansu. Bayan dokar ilimi ta tarayya ta 2015, jihohi 36 da birnin Washington suka sanya yawan fashi cikin ma'aunan ingancin makaranta, kuma ana ɗaukar yaro a matsayin mai yawan fashi idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari na kwanakin karatu, wato kwana 18 cikin 180, ko da uzuri ko babu. Kowace daga cikin waɗannan dokoki an kafa ta da kyakkyawar niyya, don kada a wofintar da karatun yara. Amma da suka haɗu sai suka koya wa jami'i cewa rufe makaranta yana da tsada a kansa, riƙe yaro a gida kuma laifi ne da dole a matsa wa iyaye a kansa.

Daga nan ne aka haifi ranar da ta fi kowace tayar da hankalin iyaye, wato ranar da makaranta take a buɗe amma babu tabbacin hanya. Sanarwar takan ce karatu yana nan, wasu motoci za su makara ko ba za su shiga wasu unguwanni ba, kuma iyaye su yi amfani da hankalinsu wajen yanke abin da ya dace da 'ya'yansu. A kunne wannan magana tana kama da girmamawa. A aikace kuwa, hukumar da take da rahoton 'yan sanda da na masu hasashe da na direbobinta ta sauke nauyin shawara a kan uwar da ba ta da komai sai abin da take gani ta taga. Idan ta tura yaro wani abu ya same shi, an riga an gaya mata zaɓinta ne. Idan ta riƙe shi, rajista ba ta san sanarwar da aka yi da asuba ba. A wurare da dama, tun da makaranta a buɗe take, rashin zuwa fashi ne, kuma fashi yana da jela mai tsawo: takardar gargaɗi, kiran iyaye ofis, rasa lambar yabon halarta, rasa jarrabawar da aka yi ranar. A Texas doka ta ce ɗalibi sai ya halarci kashi 90 cikin ɗari na kwanakin darasi kafin a ba shi sakamakonsa kai tsaye, kuma har zuwa 2015 jihar tana gurfanar da yara masu fashi a matsayin masu laifi a gaban kotu. Wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya tsayar da mota, ko ya yarda da bakinsa cewa hanyar tana da hatsari, shi ne ya katse karatun wannan rana, kuma bai kamata a rubuta katsewar a littafin yaro ba.

Nauyin kuma ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Iyalin da suke da mota mai ƙarfi da tayoyin sanyi, da uban da zai iya yin aikinsa ta kwamfuta daga gida, ranar ƙanƙara ɗan damuwa ce kawai a wurinsu. Wadda take aikin jinya a gidan tsofaffi, ko take tsaye a kanti ana biyanta bisa awa, ba ta da wannan sarari, domin babu dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa mai aiki ya biya ma'aikaci ranar da ya zauna da ɗansa saboda an rufe hanya. Yaron da yake kan keken guragu ba zai iya tafiya zuwa wata tasha da aka mayar da shi a bakin babban titi ba, alhali dokar tarayya ta ilimin nakasassu ta sanya sufuri cikin hidimomin da ake ba irinsa idan yana buƙata. Baƙin haure da ba su daɗe da zuwa ba, kamar iyalan Afirka ta Yamma da ke unguwannin Bronx da Harlem a New York, waɗanda akwai masu jin Hausa daga Ghana da Nijar da Najeriya a cikinsu, sukan karɓi takardar gargaɗi da tsoron da ya wuce na ɗan ƙasa, saboda kowace takardar hukuma tana da nauyi a wurin wanda bai gama zama daram ba. Akwai kuma wani abu da ake mantawa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta daɗe tana cewa yaron da ya tafi makaranta a bas ya fi wanda ya tafi a ƙaramar mota samun tsira da kusan ninki 70. Ke nan ranar da aka ajiye bas saboda santsi amma aka ci gaba da kiran suna, an kwashe yara daga mota mafi aminci an zuba su a ƙananan motocin iyaye masu sauri, da na matasa 'yan shekara 16 da 17 da ba su taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba.

Za a iya cewa duk wannan maganar tausayi ce, ita kuwa makaranta aikinta karatu. To ga abin da binciken karatun kansa ya nuna. A 2014 masanin tattalin arziki Joshua Goodman, wanda a lokacin yake Jami'ar Harvard, ya fitar da nazarin da ya yi kan bayanan ɗaliban jihar Massachusetts daga 2003 zuwa 2010. Ya gano cewa ranakun da aka rufe makaranta gaba ɗaya saboda ƙanƙara ba su yi wa sakamakon jarrabawa wata illa ta a zo a gani ba. Illar tana fitowa ne daga ranakun da dusar ta yi matsakaicin yawa, makaranta ta buɗe, wasu yara suka zo wasu suka zauna, kuma ta fi bayyana a darasin lissafi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya san aji. Idan kowa bai zo ba, malami zai matsar da darasin zuwa gobe, ajin ya tashi tare. Idan rabi suka zo, ko dai ya ci gaba ya bar rabi a baya, ko ya koma baya ya ɓata lokacin waɗanda suka zo. New York ta ga misalin haka ranar 13 ga Fabrairun 2014, lokacin da Magajin Gari Bill de Blasio ya bar makarantu a buɗe cikin guguwa, waɗanda suka halarta ba su kai rabin ɗalibai ba. A takarda an cika ranar karatu guda daga cikin 180, a cikin aji kuwa babu malamin da zai iya kiran wannan cikakkiyar rana.

Masu ra'ayin buɗewa suna da tasu hujjar daga bincike, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Dave Marcotte da Steven Hemelt sun nazarci makarantun jihar Maryland, suka wallafa a 2008 cewa a shekarun da aka yi yawan rufewar ba-zata, adadin yaran da suke cin jarrabawar jiha yakan ragu, musamman a ƙananan azuzuwa. Wannan gaskiya ce mai muhimmanci, domin tana tunatar da mu cewa ranar karatu tana da daraja kuma ba a zubar da ita don gajimare ya haɗu. Sai dai ba ta rushe maganar da ake yi ba. Abin da ta nuna shi ne kwanakin da aka rasa kafin jarrabawa suna da tasiri idan ba a rama su a kan lokaci ba, kuma maganin haka yana hannun masu tsara kalanda: a ajiye kwanakin ramuwa a cikin zangon sanyi da farkon bazara, kafin jarrabawa, maimakon a jingina su a ƙarshen watan Yuni lokacin da an riga an rufe littafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta san ƙanƙara tana zuwa mata kowace shekara ba ta da uzurin ɗaukar ta a matsayin abin mamaki. Babu kuma inda wannan bincike ya nuna cewa rubuta wa yaro fashi ranar da motarsa ba ta zo ba yana ƙara masa ilimi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce mahukuntan New York suka kafa a 2014. Makaranta ga yara da yawa ita ce wurin da suke samun ɗumi da abinci mai zafi. Shirin ciyarwa na ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1946, yana ciyar da yara kusan miliyan 30 a rana, kuma mafi yawansu suna ci ne kyauta ko a farashi mai rahusa. Idan aka rufe, akwai yaron da zai wuni shi kaɗai a gida mai sanyi saboda uwarsa ba za ta iya barin aiki ba. Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma duk wanda yake kiran a riƙa rufewa da an ga fari a sama bai yi tunanin wannan yaro ba. Amma hujjar tana goyon bayan buɗe ginin ne, ba ta goyon bayan hukunta wanda bai iya isowa ba. A yankuna da dama na lardin Ontario a Kanada an saba da soke motocin makaranta a bar ginin a buɗe, wanda ya kawo ɗansa da safe kuma shi zai zo ya ɗauke shi. Irin wannan rana tana yin adalci ne da sharaɗi biyu: kada a lissafa ta a kan yaron da bai zo ba, kuma kada a fara sabon darasi ko a yi jarrabawa a cikinta. Da haka mai buƙatar abinci da kulawa ya samu, wanda hanya ta tare bai yi asara ba, malami kuma ya tsira daga matsalar da Goodman ya gano.

Hujja ta uku ita ce tsoron buɗe ƙofa. Yawan fashi a makarantun Amurka ya tashi daga kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗalibai kafin annobar korona zuwa kusan kashi 28 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, kuma malamai suna fafutukar dawo da al'adar zuwa makaranta kullum. Suna tsoron cewa idan aka ce sanyi uzuri ne, kowace safiya mai hazo za ta zama hutu. Amsar wannan tana nan a Ingila, ƙasar da ba a san ta da sassauci kan fashi ba. Tun daga watan Agustan 2024 tarar da ake ci iyaye kan fashi marar izini ta zama fam 80, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Duk da haka rajistarsu tana da alamomi na musamman, masu farawa da harafin Y, ga yaron da bai zo ba saboda motar da aka saba ba shi ba ta samu ba, ko saboda zirga-zirga ta tsaya a yankin baki ɗaya, ko saboda an rufe makarantar. Ranar da aka yi wa wannan alama ba ta shiga lissafin halarta sam, ba ta zama laifin yaro, ba ta kuma rage wa makaranta maki. Muhimmin abu shi ne makaranta ce take sanya alamar bisa abin da ya faru a zahiri, ba bisa yadda iyaye suka ji a jikinsu ba. Wannan ya fi abin da ake kira fashi mai uzuri a Amurka, domin mai uzurin ma yana shiga cikin kwana 18 ɗin nan. Tsanani kan fashin ganganci da adalci ga wanda hanya ta tare suna iya zama a rajista ɗaya, kuma iyayen da suka ga ana yi musu adalci ranar ƙanƙara sun fi saurin ɗaukar takardar gargaɗi da muhimmanci ranar da ta dace.

Saura masu cewa intanet ta kashe maganar gaba ɗaya, tun da yaro zai iya karatu daga gida. Jihohi kamar Minnesota da Pennsylvania sun halatta har kwana biyar na irin wannan karatu a shekara, birnin New York kuma ya sanar a 2022 cewa ranakun ƙanƙara za su zama ranakun karatu ta kwamfuta. Da aka zo gwaji na gaske ranar 13 ga Fabrairun 2024, ɗimbin ɗalibai da malamai suka kasa shiga manhajar karatun da safe, shugaban makarantun birnin na lokacin David Banks ya ɗora alhakin a kan kamfanin IBM. Ko da manhaja ta yi aiki, guguwar da take rufe hanya ita ce take tsinka wayoyin lantarki, kamar yadda aka gani a Texas a watan Fabrairun 2021 lokacin da miliyoyin gidaje suka zauna a duhu. Gida mai yara uku da kwamfuta ɗaya ba aji ba ne, ɗan shekara shida kuma ba zai zauna gaban allo ba sai da babba a gefensa. Karatu daga gida yana da amfani ga manyan ɗalibai idan rufewar ta yi tsawo. Amma idan aka mayar da shiga manhaja ma'aunin halarta, to an ɗauko tsohon zaluncin ne an canja masa wuri, yaron da jiya aka rubuta wa fashi don bas bai zo ba, yau an rubuta masa don wuta ta ɗauke.

Iyaye ma suna da nasu kason. Waɗanda suke zagin jami'i yau don ya buɗe, wani lokaci su ne suke zaginsa mako mai zuwa don ya rufe kuma dusar ba ta sauka ba. Hasashen yanayi yana kuskure, yanki ɗaya yana iya haɗa birni mai busasshiyar kwalta da tsaunin da mota ba ta hawa, kuma babu hukuncin da zai yi wa gida dubu hamsin daidai a safiya ɗaya. Wanda yake son a fifita lafiyar ɗansa dole ya yarda cewa wata rana za a rufe a banza, kuma za a rama ranar a lokacin da ya so ya yi tafiya. Abin da iyaye suke da cikakken haƙƙin nema shi ne su san ƙa'idar tun kafin sanyi ya shigo. A rubuta a fili matakin sanyin da idan an kai shi motoci ba za su fita ba, da ƙarfe nawa ne sanarwa za ta fito, da mintin da yaro zai jira a tasha kafin ya koma gida ba tare da laifi ba. Idan hasashe ya tabbata, a sanar tun da yamma, kamar yadda Gwamna Mark Dayton ya yi a Minnesota lokacin da ya ba da umarnin rufe makarantun jihar na ranar 6 ga Janairun 2014 kwanaki kafin ranar, domin mai aikin awa ya samu sararin neman wanda zai riƙe masa yara. A aika sanarwar cikin harsunan da iyalan yankin suke ji. Hukuma mai faɗin ƙasa ta raba yankinta shiyya-shiyya maimakon hukunci ɗaya ga kowa.

Gyara mafi girma kuwa yana hannun majalisun jihohi, domin su ne suka rubuta lissafin da yake tura jami'ai ga buɗewa. Kalifoniya da Texas duk suna da hanyar da makaranta za ta nemi a cire mata ranar da bala'i ya rage halarta daga lissafin kuɗi, wanda ya nuna cewa masu dokar sun yarda ba a hukunta makaranta kan abin da sama ta yi. Kariyar da aka bai wa asusun makaranta, yaro ya fi cancanta da ita, kuma bai kamata sai uwarsa ta rubuta takardar roƙo ba. Duk ranar da aka soke motar wata unguwa, ko ta makara fiye da lokacin jira, ko hukuma ta ce iyaye su yanke da kansu, sai rajistar yaran da abin ya shafa ta ɗauki alamar da ba ta ƙirguwa, a ba su damar rama aikin da aka yi. Wannan ba ya buƙatar sabuwar mota ko sabon gini, gyaran doka ne da na rajista. Kira na ga iyaye, har da 'yan'uwanmu da suke rainon 'ya'ya a waɗannan garuruwa masu sanyi, shi ne kada su tsaya ga ƙorafin safiyar ƙanƙara. Su nemi rubutacciyar ƙa'idar halarta ta yankinsu tun a watan Satumba, su je zaman hukumar makarantu, wanda a buɗe yake ga kowa, su tambayi abin da za a rubuta wa ɗansu ranar da mota ba ta zo ba, kuma kada su tashi sai an ba su amsa a rubuce.